Farcen da Ya Tafi Faransa Ba Biza

Abdulmutallib mai yankan farce ba ya gane mutane da fuska. Idan ka gaishe shi a Titin Koudoukou, sai ya fara sunkuyar da kai ya dubi ƙafarka, sannan ya ɗago ya kira sunanka har da na mahaifinka. Wanda ya sa takalmi sau-ciki kuwa sai dai ya faɗi sunansa da bakinsa. Ranar ɗaurin auren 'yarsa Husna ya wuce angon a ƙofar masallaci bai ko kula shi ba, don angon ya sa safa.

A Miskine, wata unguwa ta Bangui, aka haife shi. Mahaifinsa wanzami ne mutumin Birnin Konni, wanda ya biyo masu shanu ta Chadi da niyyar ya yi damina ɗaya a Bangui, ya ƙare ya rasu a nan da furfurarsa. Ya so ya koya wa ɗansa sana'ar gaba ɗaya, aski da ƙaho da kaciya, amma Abdulmutallib ba ya iya ganin jini. Ranar da aka fara ba shi ƙaho ya riƙe, shi aka kwantar ana yi wa fifita, mai ciwon bayan ne ya tashi ya ɗebo masa ruwa. Daga nan uban ya haƙura, ya miƙa masa ƙaramin almakashi da 'yar aska, ya ce ya tsaya a kan farce. Abu ɗaya ya ja masa kunne a kai, cewa duk farcen da ya yanke ya tattara ya binne, kada ko ɓarɓashinsa ya faɗa hannun wani. Abdulmutallib ya riƙe wannan har tsufa. Kullum bayan la'asar za ka gan shi a bayan ɗaki yana tona ɗan rami, yana rufe aikin ranar.

A shekarar da gari ya rikice aka kwashe kwanon gidansu na Miskine, aka cire har ƙyaure. Shi da matarsa Iyatu suka tsallako unguwar Kilomita Biyar da kayan jikinsu da jakar aikinsa. Wani ɗan kasuwa da ke shirin hawa babbar mota zuwa Kamaru ya ba su ɗakin da ke bayan shagonsa. A cikin ɗakin akwai kwalaye jibge har kusa da rufi, waɗanda ba su samu wuri a motar ba. Mutumin ya ce su yi yadda suka ga dama da su. Da suka buɗe sai suka ga robobin sabulun ruwa ne mai kauri, launin ruwan goro, da rubutun wani harshe da babu wanda ya iya karantawa a cikinsu. Lokacin unguwar a kulle take, ba shiga ba fita, sabulu ya yi wuya. Iyatu ta gwada shi a wanki ta ce yana da wani wari, ba ta so. Abdulmutallib ya ɗiga kaɗan a robar da yake jiƙa ƙafafun mutane, sai ya ga ya yi kumfa mai kyau, farce ya yi laushi kamar dafaffen wake. Tun daga ranar bai sake neman wani sabulu ba.

Da ƙura ta lafa ya kafa bencinsa a barandar shagon. 'Yan kasuwa da 'yan canji da direbobin taksi suka saba da shi. Mutum zai zauna ya tsoma ƙafafunsa a ruwan kumfa, ya sha shayi, ya yi cinikinsa ta waya, Abdulmutallib yana ƙasa yana aikinsa ba ya sa baki. Shekaru suka shuɗe a haka, kwalayen suna raguwa a hankali.

Wata safiya wata mata sanye da dogon hijabi da jakar goyo ta tsaya a gabansa ta yi sallama. Ya dubi ƙafarta cikin silifa, ya ga babban yatsan ya karkata gefe, na biyun ya fi shi tsawo.

Ya ce, “Wannan ƙafar gidan marigayi Rilwanu tela ce. Ke ce Zulaihat da aka ce ta tafi karatu?”

“Ni ce, Baba. Na dawo.”

Ta tafi Dakar tana budurwa, daga can ta wuce Faransa, ta dawo da digirin dakta, ko da yake ba irin daktan da ke yin allura ba. Hausarta ta cakuɗe da Sango, yaren ƙasar, da Faransanci kamar ta duk yaran unguwar, amma ta zauna a gefen bencin ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce akwai wasu sinadarai da jikin mutum yake buƙata ɗan mitsitsi, waɗanda in aka tara na jikin ƙato guda ba za su cika cokalin shayi ba, irin su zinki da seleniyom. Daga abinci ake samunsu. Idan suka yi ƙaranci sai garkuwar jiki ta yi rauni, zawo da tari su riƙa kayar da yaro akai-akai. Tana zargin mutanen da suka dogara da gozo, wato tuwon rogo, safe da yamma ba sa samun isasshe, tana so ta auna ta gani. Ta ce farcen ƙafa yana ajiye labarin abin da mutum ya ci watanni da yawa baya.

Abdulmutallib ya jinjina kai ya ce, “Ashe farce ma yana tsegumi.”

“Sosai kuwa, Baba. Na mata da yara za a karɓa mini a asibitin unguwa. Na maza nake so ka taimaka mini da shi. Wanda ya yarda, sai ka sa nasa a 'yar leda daban.”

Ya tuna jan kunnen mahaifinsa. Ya kuma tuna marigayi Rilwanu, wanda ya taɓa ɗinka masa rigar salla ya ƙi karɓar komai. A ƙarshe ya ce zai ba da nasa, sauran kuma sai abin da suka ce.

Sauran suka ce a'a. Wani ya janye ƙafarsa daga robar da sauri har ya watsa wa maƙwabcinsa ruwa. Wani ya ce ya san wanda aka yi wa asiri da farce a garin Berberati, har yau yana tafiya da baya-baya. Wani ya ce zai bayar in za a dawo masa da kayansa bayan an gama. Zulaihat ta ce ba zai yiwu ba, don narkar da shi ake yi a na'ura. Wannan ya ƙara ɓata zancen.

Zaharaddini ɗan canji ne ya sauya komai. Mutum ne mai tumbi da son ado, wanda ya kwashe shekaru yana neman bizar Faransa ana hana shi, har masu gadin ofishin sun san sunan 'ya'yansa. Yana zaune ƙafafunsa cikin kumfa ya tambaya, “Dakta, ina ne ake narkarwar?”

Ta ce, “A nan ba mu da na'urar. Faransa za a kai.”

“A jirgi?”

“A jirgi.”

“Ba a neman biza?”

“Farce ne, Alhaji. Ba ya buƙata.”

Zaharaddini ya kalli yatsunsa. Can ya ce, “Malam Mutallib, yanke duka goman. Ka bar na babban yatsan da ɗan faɗi, don su san daga gidan mutunci ya fito.”

Kafin sati ya zagayo babu wanda yake so a bar farcensa a baya. Waɗanda suka ƙi da farko suka dawo suna tambaya ko akwai sauran wuri a jirgin. Wani tsoho ya kawo turare ya ce a fesa wa nasa. Zulaihat ta yi wa kowa tambayoyinta, me yake ci, yana shan taba, yana wanke kai da maganin amosani. Kowa ya amsa mata da gaskiyarsa. Ta kwashe ledojin ta aika. Ranar da jirgin ya tashi Zaharaddini ya fito tsakiyar titi ya ɗaga masa hannu.

Bayan 'yan watanni aka bugo mata waya daga can. Na mata da yara ya fito yadda ta zata, sinadaran sun yi ƙasa ƙwarai. Amma mutumin da ke kula da na'urar yana so ya sani, mazan nan da ta aiko farcensu, suna raye kuwa? Seleniyom ɗin da ke cikin farcensu ya ninka na lafiyayyen mutum ninkin ba ninki. Sun sake aunawa, sun wanke na'urar sun kuma aunawa, haka dai.

Hankalin Zulaihat ya tashi, don yawan seleniyom guba ne. Yana zubar da gashi, yana sa numfashi warin tafarnuwa. Sai ga ta tana bin shagunan Titin Koudoukou tana roƙon dattawa su cire hula ta duba kansu, su kuma hura mata iska a fuska. Suka yi mata, don 'yar Rilwanu ce. Mutum ɗaya kawai ta samu mai warin tafarnuwa, shi kuma ita yake sayarwa.

Ta zo ta zauna a bencin Abdulmutallib ta ce, “Baba, akwai abin da ban gane ba. Duk wanda ka yanke wa farce, sinadarin nan na garkuwar jiki ya yi masa yawan da ban taɓa gani ba. Naka ma ya fi na kowa. Ba abin murna ba ne, kuma don Allah kada ka faɗa wa kowa tukuna.”

Bai faɗa wa kowa ba sai Iyatu, da rana wajen cin abinci, shi ma don ta tambaye shi abin da ya sa yake murmushi. Iyatu haifaffiyar Bangui ce, uwarta mutuniyar yankin Lobaye, ta fi sakewa da Sango a kan Hausa. Da ta je famfo ɗiban ruwa sai ta fassara wa matan zancen iya fahimtarta. Kalmar garkuwa ta shiga Sango, ta ratsa kasuwa, ta leƙa cikin Larabcin mutanen Chadi, ta dawo Hausa bayan kwana biyu. Lokacin da ta dawo ta zama cewa Turawa sun auna da na'ura sun tabbatar duk wanda Abdulmutallib ya yanke wa farce ƙarfe ba ya cinsa.

Layin ya fara daga barandar ya kai har wajen masu gyaran babur. Mutanen da tun rikicin ba su sake taka Kilomita Biyar ba suka shigo daga unguwannin Miskine da Fatima, Kirista da Musulmi a layi ɗaya kowa riƙe da takalminsa. Waɗanda aka yanke wa jiya suka dawo yau neman ƙari. Da babu sauran abin yanka, Abdulmutallib sai ya riƙa kaɗa almakashin a iska kusa da yatsun, ƙas-ƙas, su tashi suna godiya. Wani ya kawo ragonsa a gyara masa kofato. Ya yi ta rantsuwa cewa shi farce kawai yake yankewa, amma duk rantsuwar da ya yi sai mutane su kalli juna su gyaɗa kai, su ce ai masu abin da gaske ba sa faɗa.

Zaharaddini ya cire gidan sauronsa ya ba maƙwabci. Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Da Abdulmutallib ya je duba shi ya same shi cikin bargo yana rawar sanyi, sai ya ce masa a hankali, “Kada ka damu, Malam Mutallib. Na yi tunani a kai. Bakin sauro ba ƙarfe ba ne, shi ya sa.”

Dariyar ta ƙare ranar da Kwamanda Sulaimanu ya zo. A lokacin akwai sauran gungun samari masu bindiga da ke cewa su ne tsaron unguwa, suna bin shaguna, kuma shi ne shugaban ɗaya daga ciki. Layin ya watse da kansa. Kwamandan ya zauna a benci, aka cire masa manyan takalman soja, ya tsoma ƙafa a kumfa. Abdulmutallib ya gane ƙafar nan take, ta ɗan Inno mai ƙosai ce, wanda tayar keke ta taɓa cire wa farcen ƙaramin yatsa. Ya yi masa aikin.

Kwamandan ya ce, “Tsoho, harsashi nawa yake tarewa kafin a sake yanka?”

“Ranka ya daɗe, ko ƙaya ba ya tarewa. Farce ne kawai.”

“Na ji an ce haka kake cewa.” Ya miƙe yana duba yatsunsa. “Ranar Juma'a bayan an sauko zan tsaya a fili a harbe ni a gaban mutane. In ya yi, kai ne malamin rundunata. In bai yi ba, mutanena sun san inda kake zaune.”

Abdulmutallib bai iya cin abincin rana ba. Ya bar benci da roba a nan, ya hau ɗan acaɓa, abin da ya tsana a rayuwarsa, ya je ya samu Zulaihat a wurin aikinta. Ta saurare shi har ya gama, ta rufe kwamfutarta ta ce gobe da safe za ta zo ta zauna kusa da shi, ya yi aikinsa kamar ba ta nan.

Haka aka yi. Ta ga ya share wurin, ya goge almakashi, ya zuba ruwa a roba. Ta ga ya zaro wata tsohuwar robar sabulu daga ƙarƙashin benci ya ɗiga, ya kaɗa da hannu har kumfa ta tashi.

Ta ce, “Baba, miƙo mini wannan.”

Ta juya bayan robar, ta goge ƙurar da babban yatsa. Ba ta iya harshen ba ita ma, amma sunayen sinadarai iri ɗaya suke ko'ina. Ta karanta, ta sake karantawa. Sai ta ajiye robar a cinyarta ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta suna rawa. Abdulmutallib bai san ko kuka take yi ko dariya ba, da ta buɗe fuskar kuma ya ga duka biyun ne.

“Baba, wannan sabulun wanke kai ne, maganin amosani. Da seleniyom ake yinsa. Shekara nawa kana jiƙa ƙafafunsu a ciki?”

“Tun rikici.”

“Ya shige cikin farcen ne ta waje. Ba ya jininsu, ba ya jikinsu. Na tambayi kowa ko yana wanke kai da shi. Ban tambayi kowa ko yana wanke ƙafa da shi ba.”

Abdulmutallib ya ji kunya ta rufe shi, don ya gane aikin shekara guda ya lalata mata. Ya so ya rage mata zafi. Can ya ce, “To amma dai, 'yata, yana aiki. Tun da na fara, babu wanda ya taɓa zuwa mini da amosanin ƙafa.”

Sauran magana ta Kwamanda ce. Zulaihat ta roƙi Malam Jamaluddeen, limamin ƙaramin masallacin layinsu, wanda ya koya wa Sulaimanu karatu yana ƙarami, ya raka su. Suka samu Kwamandan a zaune a ƙofar wani gareji. Ta yi masa bayani da Sango, ta maimaita da Hausa, ta nuna masa robar. Ya saurara sosai, ya karɓa ya sansana.

Ya ce, “Wato sirrin ba a hannun tsohon yake ba. A cikin nan yake.”

Ta ce ba haka take nufi ba. Malam Jamaluddeen ya ga bayani ba zai kai su ko'ina ba, sai ya ce, “Sulaimanu, ni ban san komai a kan wannan ba. Amma kafin ka gwada a jikin da uwarka ta sha wahalar raino, gwada a kan wani abu.”

Aka mirgino wani tsohon duro, aka wanke shi da sabulun ciki da waje, aka bar shi ya bushe a rana. Kwamandan ya ja baya ya harba. Harsashin ya shiga ta nan ya fita ta can. Ya zagaya duron yana nazari, ya ce ai duro ba shi da farce. Amma bai sake maganar ranar Juma'a ba. Da yamma ya aiko aka kwashe sauran kwalayen duka daga ɗakin Abdulmutallib, bayan Zulaihat ta sa ya yi alkawari a gaban Malam cewa babu wanda zai sha. Iyatu ta tsaya tana kallo ana fitar da su, ta ce ashe ɗakin yana da taga.

Watanni mutanen Kwamanda suna wanka da shi tsagwaronsa daga kai har ƙafa. Idan zafin rana ya bugi jikinsu sai su riƙa wari kamar ƙwan da ya kwana biyu. 'Yan kasuwa suka koyi jin zuwansu tun daga kwanar titi, kowa ya ja ƙofar shagonsa a tsanake ya tafi salla. Har gungun ya watse ba a taɓa ganin ɗayansu yana sosa kai ba.

Zulaihat ta sake aikin daga farko. Sai da aka jira sabon farce ya tsiro ya ture tsohon, abin da ya ci kusan shekara, Abdulmutallib yana jiƙa ƙafafu a ruwa zalla, masu zuwa suna ƙorafin cewa hannunsa ya huce. Layin ya koma yadda yake a dā, sai 'yan tsirarun mutanen Miskine da suka saba da hirar barandar suka ci gaba da zuwa. Da sakamako na biyu ya dawo, mazan ma ƙasa suke kamar matansu. Wanda ya fi kowa ƙasa, a zinki da seleniyom duka, shi ne Abdulmutallib.

Ta rubuta binciken nata ya fita. Da shi ta yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi har aka samu asibitin unguwa ya daina rasa ƙwayar zinki, wadda ake ba yaro mai zawo tare da ruwan gishiri da sukari. Ta tara matan unguwa suka riƙa ƙara gyaɗa da garin busasshen kifi a kunun yara. Ta kuma rubuta wani ɗan gajeren gargaɗi ga masu irin aikinta a kan labarin sabulun. Wannan ɗan guntun shi ya fi zagaya duniya. Duk taron da aka gayyace ta, za ta yi dogon jawabi a kan yaran da tuwon rogo ya raina, idan aka zo tambayoyi sai wani ya ɗaga hannu ya ce ta ba su labarin mai yankan farce. Abin yana ɓata mata rai, amma takan bayar, don ta lura bayan an gama dariya ne ake tambayarta me asibitin yake buƙata.

A daminar da ta biyo baya zawo ya kama Hureira, 'yar Husna, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Abdulmutallib ya taɓa binne 'ya'yansa biyu a Miskine da irin wannan ciwon, ya san yadda idon yaro yake faɗawa. Ya bi su asibitin ya zauna a dakali. Aka ba ta ruwan da 'yar ƙwayar da ake narkawa a cokali. Bayan 'yan kwanaki ya dawo daga aiki ya same ta a tsakar gida tana jan wutsiyar kyanwa. Ya shiga ɗaki ya daɗe kafin ya fito.

Shi kansa kuma Zulaihat ba ta ƙyale shi ba. Ta zo gidan ta zauna a tabarma ta tambayi Iyatu me yake ci. Iyatu ta ce gozo da miyar ganyen rogo, da shayi, da goro, kuma haƙoransa ba sa iya nama.

Zulaihat ta ce, “Kifi da ƙwai in an samu. Kuma yanzu lokacin makongo ne, Inna. Ya cika kasuwa, ga araha, ga zinki da sinadarin ƙara jini.”

Makongo tsutsar itace ce da ake kawowa daga dajin Lobaye kwando-kwando idan ruwa ya zauna, duk Bangui ana rububinta. Abdulmutallib ya yi shekara sittin da wani abu a garin bai taɓa kai ta bakinsa ba. Ya ce shi ɗan mutumin Konni ne, fara ce iyakarsa, kuma a gidansa ba a taɓa dafa wannan abu ba.

Iyatu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, “Baban Husna, duk damina nake dafawa. In ka fita aiki. Miyar da ka ce ta fi daɗi ranar sunan Hureira, a tukunyar na yi ta, tsame su kawai na yi.”

Ya kai ƙara wurin Malam Jamaluddeen, yana fatan a ce haramun ne. Malam ya ce a abin da ya karanta a mazhabarsu ya halatta, in an kashe ta da niyyar ci an kuma ambaci sunan Allah. Abdulmutallib ya tambaya, a kan kowace ɗaya ko a kan kwandon. Malam ya ce kwandon ya wadatar. Abdulmutallib ya ce shi bai ga wanda ya kama su a daji ba, bai san halinsa ba, gara ya yi abinsa da kansa.

Saboda haka yanzu duk damina, bayan magariba, Iyatu takan ajiye masa kwanonsa na makongo da miyar gyaɗa. Yakan ɗauki ɗaya, ya kawar da kai gefe don kada su haɗa ido, ya yi bisimilla ya tauna, sannan ya ɗauki ta gaba ya sake bisimilla. Kafin ya kai rabi Iyatu ta ci nata, ta wanke kwanuka, ta yi shirin sallar isha'i. Tarin da ya saba kama shi duk shigowar ruwa bai zo ba a shekarar farko, bai zo ba a ta biyu. Iyatu ta ce girkinta ne. Shi ya ce yawan ambaton Allah ne. Da aka kai wa Zulaihat zancen don ta raba gardama, ta ce mutum ɗaya ba ya zama hujja, sai ta samu tsofaffi da yawa, rabi su ci da bisimilla ɗaya, rabi su ci irin nasa. Abdulmutallib ya ce ta bari ya yi shawara da mutanen barandar, amma kada ta sa rai da yawa, don yawancinsu ba su da haƙurinsa.